Koren Furen Kawu

Kawuna, yayan Umma, mai sayar da furanni ne a bakin titin da ya bar gari ya nufi gonaki. Wurin nasa ba faɗi, sai tsawo kamar zirin ƙyalle: titi a gaba, kwalbati a gefe, wayar shinge a baya, ga rumfar kwano da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Duk wanda ya tsaya da mota zai same shi tsugune a tsakanin tukwane, ya ba titi baya, yana yi wa wani tsiro faɗa ƙasa-ƙasa. Mutane ba su cika samun doguwar magana a bakinsa ba. Tsirrai kuwa suna shan ta.

Tun yana saurayi ya fara aikin ban-ruwa a lambun wani otal. Ya daɗe yana jan tiyo kafin tsohon da ke kula da lambun ya lura hannunsa na da albarka, ya koya masa yadda ake yankar reshe a dasa, da yadda ake yi wa itace aure da itace, da yadda ake bambanta tsiron da ƙishi ke damu da wanda ruwa ya yi wa yawa. Yana wannan aikin ya auri Inna, yana cikinsa 'ya'yansa suka girma suka watse garuruwa. Da masu otal suka ce za su mai da lambun wurin ajiye motoci, Kawu bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya yanki rassa kafin a kawo injin rusau. Ya riƙa kwaso su a jiƙaƙƙen buhu a bayan keke, har Inna ta rasa inda za ta shanya wanki a tsakar gidanta. Da waɗannan rassan ya buɗe wurinsa na bakin titi.

A bayan wayar shingensa gonar Dogo take. Dogo abokinsa ne tun suna yara, manomin riɗi, mutum mai surutu kamar rediyo. Shi ya nuna wa Kawu wannan zirin filin tun farko, ya ce, "Zo ka zauna kusa da ni, ko na samu wanda zan riƙa yi wa magana ba ya katse ni."

Kawu ya yi shekaru yana sayar da irin furannin da kowa ke sayarwa, yana samun na cefane, ba yabo ba fallasa. Sai wata rana yana share bakin kwalbati ya ci karo da wata ciyawa. Irinta ba baƙuwa ba ce, ta cika kowane gefen hanya, mai taurin kara da 'yan furanni rawaya, wadda ko akuya sai ta rasa abin ci take kallonta. Amma wannan ɗayar ta fita dabam. Rassanta sun yi cincirindo wuri ɗaya, ganyenta ƙanana kamar farcen jariri, furanninta kuma ba rawaya ba, kore ne shar, kamar an naɗe 'yan ganyayyaki an yi fure da su. Ya jira ta yi 'ya'ya ya ɗebi iri, ba ta yi ba. Sai ya yanki reshe ya dasa, ya kama. Ya sake yanka, ya sake kamawa, kuma kowanne ya fito da kamannin uwarsa. Ya riƙa yi musu aski da almakashi har suka zama curi-curi, ya sa musu suna Tuntu.

Tuntu ne ya ɗaga Kawu. Matan gari suka fara tsayawa da mota suna tambayar koren fure. Aka ajiye shi a ƙofar asibiti da barandar makaranta. Otal ɗin da ya sallame shi ma ya aiko aka kwashi tukwane aka jera a bakin ƙofar shiga, kuma ranar Kawu ya yi magana fiye da yadda ya yi a shekara. Sunansa ya ɓace a bakin mutane, ya koma Mai Tuntu. In an tambaye shi daga wace ƙasa ya samo irin, sai ya nuna kwalbati da haɓa, mutane su yi dariya suna zaton ɓoye sirri yake.

Ni kuwa, bayan na gama karatu na samu aiki a ɗakin gwaji na wata cibiyar binciken noma. Shugabarmu mace ce mai furfura a gefen kai, kowa Dakta yake ce mata. Abin da ya hana ta sakat a lokacin shi ne ciwon da ya addabi riɗi a yankinmu. Riɗin zai tashi lafiya, in lokacin fure ya yi sai furen ya juye ya zama ganye, kan ya yi tsintsiya, ba kwanso ba iri. Sunan ƙwayar cutar faitofilasma. Ba a ganinta da madubin likita na yau da kullum, ba ta kuma yarda a raine ta a kwalba kamar sauran ƙwayoyi, sai a cikin jijiyar tsiro mai rai. Wani ɗan ƙwaro mai tsalle, da bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke tsotso ta daga wannan tsiro ya kai wa wancan. Abin da Dakta ke nema shi ne inda cutar ke fakewa da rani, lokacin da babu riɗi ko ƙafa ɗaya a gona. Tana zargin ciyayi. Don haka masu fita daji kan kawo mana ganyen ciyayi a leda, an riga an yayyanka, ni kuma in tsame jijiyoyin in niƙa a ɗan turmin tangaran. Na niƙa har kafaɗata ta san ana aiki, yawancinsu babu komai a ciki.

Da aka tabbatar mini da aikin, Kawu ya aiko mini da tukunyar Tuntu, ya shafe ta da farin fenti. Saƙon da ya haɗo da ita ta bakin Umma shi ne, "A ce wa ɗiyata ta ajiye a ofis, su ga cewa a gidansu ma an san tsiro." Na ɗauko ta a cinya cikin motar haya, na ɗora a kan taga kusa da teburina, na buɗe tagar don ta sha iska.

Dakta ta shigo da kofin shayi a hannu tana ba ni wani umarni. Maganar ta tsaya mata a tsakiya. Ta ajiye kofin a kan takardun da ba ta yarda ko biro a ɗora musu, ta matso taga, ta sunkuya.

"Wannan daga ina?"

"Kawuna ne ya ba ni, Dakta. Shi yake dasa shi. Tuntu ake ce masa."

"Yake dasa shi," ta maimaita a hankali. "Guda nawa gare shi?"

Na yi dariya. "Ai ba sa ƙirguwa. Ya cika gari. Ba ki gan shi a ƙofar asibiti ba?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta rufe tagar, ta sa sakata, ta ce in kawo babbar leda da almakashi. Ta tsinke fure ɗaya ta buɗe shi da ɗan hantsaki a tafin hannunta. Inda ya kamata a ga garin fure da uwar iri, ganye ne a cikin ganye, a cikin wani ganyen. Na sha ganin hoton wannan a jikin riɗi, yana manne a bangon ɗakin ma. Amma riɗi mai ciwo mummuna ne, a wargaje. Wannan kuwa an yi masa aski, yana zaune a farar tukunya, kuma na san shi tun kafin in san sunan cutar. Na dubi hoton bango, na dubi tafin Dakta. Na jawo kujera.

"Kada ki yanke hukunci da ido," in ji ta. "Maganin feshi ma yana sa tsiro ya yi haka, wasu ƙwari ma suna sawa. Je ki niƙa."

Na niƙa kyautar Kawu da hannuna. Aikin yana da matakai: a tace ƙwayoyin halittar da ke cikin jijiyar, a zuba ɗigo a ɗan bututu, a sa a na'urar da ke ta maimaita wani yanki da faitofilasma kaɗai ke da shi har ya yi yawan da za a iya gani. Daga nan a zuba a ramukan wani abu mai kama da daskararren sitaci, a sa masa lantarki, a kai ƙarƙashin fitila a wani ɗan lungu da muka rufe da baƙin labule. In cutar na nan, wani gajeren layi zai haska. Kullum muna sa ruwa zalla a rami ɗaya, da riɗin da muka san yana da ciwo a wani, don mu tabbata ba ƙarya na'urar ke yi ba.

Washegari da hantsi muka shiga bayan labulen mu biyu. Ramin ruwa duhu. Ramin riɗi ya haska kamar kullum. A gefensa, daidai tsayi ɗaya, ramin Tuntu ya haska har ya fi na riɗin.

Na ce, "Ko hannuna ne ya gurɓata shi, Dakta."

"Sake, da sabbin kaya."

Na sake da sabon turmi, sabuwar safar hannu, sabon komai. Layin ya dawo inda yake. Dakta ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Na aika mutane har bakin kogi suna tona ciyawa. Ashe a ƙofar asibiti yake, ana ba shi ruwa."

Na so in riga ta zuwa in shirya Kawu, ta ce a'a, za ta je da kanta, irin wannan magana ba a aika yaro da ita. Da motar cibiya ta tsaya a bakin titi, Kawu ya miƙe yana goge hannu a jikin riga. Ya ga tambarin mota, ya gan ni, fuskarsa ta washe. Ya kakkaɓe benci ya ce Dakta ta zauna.

"Ɗiyata, ashe sun gani? Na ce miki za su gani."

Dakta ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, nuna mini inda kake rainonsu."

Ya shige gaba da sauri kamar yaro. Ni kaina na jima ban zagaya bayan rumfar ba. Daga bakin rijiya har wayar shinge Tuntu ne, sahu-sahu, manya a tukwane, ƙanana a leda, jarirai a gwangwani. Dakta ta tsaya cik. Na ji ta ja numfashi. Ta ciro farar takarda daga jaka, ta tara ƙarƙashin wata tukunya, ta buga reshen da yatsa. 'Yan ƙwari suka zubo, kafin a ce me sun yi tsalle sun watse.

"Ba sa cin ganye," in ji Kawu. "Na bar su, ba su da ɓarna."

Idon Dakta ya riga ya tsallaka waya. Lokacin riɗi na fure. A gindin wayar, ta ɓangaren gonar Dogo, an dasa Tuntu a ƙasa layi guda tun daga wannan kusurwa har waccan, ya yi kauri kamar katanga. Riɗin da ke bayansa duk ya yi tsintsiya, babu farin fure ko ɗaya. In ka ɗaga ido gaba kaɗan sai ka fara ganin fure jefi-jefi. Can ƙarshen gona, nesa da waya, fari fat.

"Wa ya dasa wancan?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Ni ne. Abokina ne mai gonar. Riɗinsa ya ƙi, shekara ta bi shekara, ya canza iri, ya canza taki, duk a banza. Na ce bari in dasa masa abin da in ya duba zai ji sanyi."

Dakta ta zura hannu ta cikin waya ta karyo kan riɗi ɗaya, ta karyo reshen Tuntu, ta haɗa su a hannu ɗaya ta miƙa masa.

"Baba, duba furen nan, ka duba wannan."

Kawu ya karɓa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kallon tsiro, bai buƙaci a ƙara masa bayani ba. Ya juya su, ya kai kusa da ido, ya buɗe furen riɗin da farcensa, ya buɗe na Tuntu. Ya dube ni kamar ni zan ce wasa ne.

"Amma ai ba ya mutuwa," ya ce. "Mai ciwo yana yin kyau haka?"

"Kyan nan shi ne ciwon, Baba. Cutar ce ke hana shi yin fure, ta sa ya yi ta fid da rassa da ganye. Shi ya sa bai taɓa yi maka iri ba. Duk reshen da ka yanka ka dasa, da ita ya tafi."

"Duka?"

"Duka."

Ya waiwaya ya dubi sahun tukwanen, daga nan har can, sai ya zauna a ƙasa, a cikin laka, da farar rigar da ya sa.

Muna nan tsaye Dogo ya taho daga cikin riɗi da fartanya a kafaɗa, yana magana tun daga nesa. "Mai Tuntu, yau manyan baƙi ka yi, ko an zo ba ka lambar girma ne? A tuna da maƙwabci." Da ya iso waya ya ga Kawu a ƙasa, sai ya sauke fartanyar. Dakta ta yi masa bayani a taƙaice. Ta ce masa gwajin ya nuna akwai faitofilasma a Tuntu, amma faitofilasma iri-iri ce, sai an aika an karanta ƙwayoyin halittarta kafin a san ko ita ce ta riɗi. Ta ce ko ita ce ma, ba wanda zai iya rantsuwa wa ya fara ba wa wani, mai yiwuwa ciyawar farko daga gonar riɗi ta kamu.

Dogo ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ya yi tambaya ɗaya.

"In na girbe riɗi, rani ya shigo, ciyawa ta bushe, ina cutar take zuwa?"

"Yawancinta mutuwa take yi tare da tsiron."

"In kuma akwai mai ba tsiron ruwa safe da yamma fa?"

Dogo ya dubi layin Tuntun da ke gindin ƙafarsa. Ni na sani, kuma Kawu ya sani, cewa da rani Dogo da kansa yake karɓar bokiti ta saman waya ya zuba musu. Ya ɗauki fartanyarsa ya juya, ya shige cikin riɗin bai yi sallama ba.

Makonnin jiran sakamako sun yi wa gidan Kawu nauyi. Inna ta kira Umma ta ce mutumin ba ya cin abinci, yana zama a rumfa ya zura wa tukwane ido, bai yi musu faɗa ba, bai ba su ruwa ba. Dakta ta sa aka lulluɓe su da gidan sauro kafin a ji sakamako, aka yi feshin ƙwari. Ta kuma sa na ɗebi ganyen sauran furanninsa, har da waɗanda ba abin da ya same su a ido. Na yi ta addu'a ina niƙa. Wani fure mai fari da ja da ake shukawa a bakin ƙofa, wanda rassansa na cikin waɗanda ya kwaso daga otal a bayan keke, shi ma ya haska a yawancin ramuka. Ganyensa sumul, furensa cas, cutar na ciki ba ta riga ta nuna ba. Da na faɗa wa Kawu, sai ya ce, "Har shi?"

Sakamakon ya zo ranar da nake wanke kwalabe. Dakta ta kira ni gaban kwamfuta ta nuna mini jeri biyu na haruffa, ɗaya na riɗin Dogo, ɗaya na Tuntu, an ɗora wannan a kan wancan. Ta bi su da yatsa daga farko har ƙarshe. Babu inda suka saɓa.

Ba wanda ya ce Kawu ya bi gidaje. Ofishin gona ne ya sa sanarwa a rediyo cewa duk mai koren fure ya tumɓuke ya ƙona, ba a ambaci sunan kowa ba, ko da yake babu wanda bai san wa ake nufi ba. Amma Kawu ya ce mutane ba za su ƙona ba, ya san su, za su mai da shi bayan gida ne su ci gaba da ba shi ruwa. Ya ari kurar ɗaukar kaya, ya ɗora buhuna, ya fara da unguwar da ta fi saye. Na raka shi ranakun da ba ni da aiki. Zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hula, ya ce, "Ni ne Mai Tuntu. Abin da na sayar muku ciwo ne. Na zo karɓa, zan kawo muku wani fure a madadinsa."

Wasu sun miƙo ba musu. Wasu sun rufe ƙofa. Wata mata ta rungume tukunyarta ta ce ita ba ta noma riɗi, a bar mata abinta, sai da Kawu ya tsaya a rana a ƙofar gidanta har mijinta ya ji kunya ya fito da ita. A otal, mai gadi ya hana shi shiga ta gaba, ya ce ya zagaya ta ƙofar shara, ta nan aka turo masa tukwanen. Abin da ya fi girgiza shi wata tsohuwa ce mai fara'a, da ta ce ai nata ta yi wa ɗiyarta tsaraba da shi, tana aure a wani gari mai nisa, kuma ya yi kyau sosai a can har maƙwabta suna yankar reshe.

"Suna noma a can?" in ji Kawu.

"Ai su ne ma manoman, ɗan nan. Riɗinsu har ƙasar waje ake kaiwa."

Kawu ya dafa kurar. Na ɗauka faɗuwa zai yi. Muka karɓi lambar wayar ɗiyar, Dakta ta kira ofishin gonar can, suka ce za su je. Sun je, sun tumɓuke abin da suka samu. Ko sun samu duka, ba mu sani ba har yau.

Ɗanyen tsiro ba ya cin wuta, don haka aka haƙa rami a bakin kwalbati, aka zuba su a ɗaure cikin buhuna har suka bushe, sannan aka cinna. Kawu ne ya ƙyasta ashanar. Inna ta tsaya daga nesa da gyale a hanci, ta ce mini, "Shekara nawa ina kishi da ciyawar nan, yau ga ni ina mata kuka." Layin da ke gonar Dogo kuwa, kafin mu je mun tarar ya riga ya sare shi ya jefo ta saman waya.

Tukunya biyu kaɗai suka tsira. Dakta ta roƙa, don cutar ba ta rayuwa sai a tsiro, kuma ana buƙatarta don gwada wasu samfura. Suna cibiya a ɗakin raga mai ƙofa biyu da ƙwaro ba ya shiga. Ba wanda ke yi musu aski, sun wargaje, yanzu kowa ya gani ya san marasa lafiya ne. Dakta ta ce in faɗa wa Kawu yana iya zuwa ya gan su duk lokacin da ya so. Ya ce in yi mata godiya. Bai taɓa zuwa ba.

Wurinsa ya koma rabi. Masu tsayawa da mota suka ragu, wasu yara suka fara kiransa Mai Cuta daga ƙetaren titi har sai da Umma ta je ta sami iyayensu. Ya sayo sabbin rassa ya fara daga farko, ya zama mai tsananin zargi. In ganye ya ɗan lanƙwashe ba zai sayar ba, ko mai saye ya nace. Dogo ya bi shawarar Dakta ya huta da riɗi shekara guda, ya shuka masara. Kullum da sassafe Kawu kan tsallaka waya ba tare da an kira shi ba, ya bi gefen gonar yana tumɓuke ciyawa da hannu, ya tara ya fita da ita. Dogo yana ganinsa. Bai kore shi ba, bai kuma ce sannu ba. Da ya koma riɗi, ciwon ya ragu sosai, amma bai ƙare ba, don ba Tuntu kaɗai ne mafakarsa ba.

A wannan daminar ce, wata ranar hutu ina rumfa ina taya Kawu cika leda da ƙasa, sai ga Dogo a bakin waya riƙe da wata ciyawa har da saiwarta. Ganyenta ya yi rawaya a gefe.

"Kai mai ido," ya ce, bai kira suna ba. "Duba min wannan. A tsakiyar gona na same ta."

Kawu ya miƙe a hankali, ya je ya karɓa. Ya daɗe yana juya ta, ya duba ƙasan ganye, ya buɗe fure, ya shinshina saiwar.

"Ban sani ba," ya ce. "Ga wadda za ta sani." Ya sa ta a leda, ya ɗaure bakin da kyau, ya miƙo mini.

Na kai cibiya na gwada. Ba ta da komai, ruwa ne ya kwanta a gindinta. Na kira Kawu a waya na faɗa masa. Ina jin motoci na wucewa a bayansa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Amma ki kira shi ki faɗa masa da bakinki. In daga wurina ya ji, zai sake tambayar wani."